Haƙori Amana Ne: Asuwaki, Man Goge Baki da Mai Azumi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ƙagi ɗan Adam, ya kyautata surarsa, ya jera masa haƙora a bakinsa domin ci da magana da ado. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sauraro, maza da mata, na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, da waɗanda muryarmu ke isa gare su a Mirya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut, Allah ya karɓi abin da ya gabata na azuminmu, ya ba mu ikon cika wanda ya rage.

Tambayoyi sun yi ta zuwa gidan rediyon nan a kan abu guda, har ya kamata mu ware masa zama sukutum. Wani ya ce, shin mai azumi zai iya wanke baki da burushi da man goge baki da rana? Wani ya ce, idan mutum ya yi amfani da burushi, ya sami ladan asuwaki ko bai samu ba? Wata baiwar Allah kuma ta ce ta ga fari-fari kamar alli a gindin haƙoran ɗanta, kusa da dasashi, tana tambaya ko akwai abin da za a yi. Waɗannan tambayoyi suna da fuska biyu. Fuskar hukunci za mu ɗauko ta daga littattafan da muka karanta a gaban malamanmu. Fuskar halitta kuwa, wato yadda haƙori ke lalacewa da yadda yake gyaruwa, mun ɗauko ta daga bakin likitocin haƙori, domin Allah Maɗaukakin Sarki ya umurce mu a cikin Suratun Nahli da komawa ga ma'abuta sani, kuma kowane fanni da mazajensa.

Darajar haƙori a Shari'a

Mu fara da sanin ƙimar abin da muke magana a kansa. A cikin takardar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu lokacin da ya aike shi Najran, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanka diyyar haƙori guda raƙuma biyar. Malamai suka ce na gaba da na ƙurya duk ɗaya ne a wannan hukunci. To, yi lissafi da kanka. Baligi mai cikakken baki yana da haƙora 32. Idan ka ba kowane raƙuma biyar, ka tashi da raƙuma 160, alhali diyyar rai gaba ɗaya raƙuma ɗari ce. Je ka kasuwar dabbobi ka tambayi kuɗin raƙumi guda, sa'an nan ka san irin dukiyar da kake yawo da ita tsakanin leɓɓanka. Da wani ne ya fasa maka haƙori da sanda, da ka kai shi gaban alƙali. To, yaya za a yi da wanda ya fasa nasa da hannunsa, ta hanyar sakaci da kwaɗayin zaƙi?

Sannan ku dubi karatun Alƙur'ani. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san haruffa da yawa haƙora ne mafitarsu. Fa'un tana fita tsakanin leɓen ƙasa da kan haƙoran gaba na sama. Zalun da zadi da sa'un mai ɗigo uku, kan harshe ne da gefen waɗannan haƙora. Lodi kuwa, gefen harshe ne da matauna. Gardin da ya zubar da haƙoran gaba tun yana ɗan shekara arba'in, zai yi ta fama da haruffan da ya shekara ashirin yana gyarawa a tsangaya. Babu laifi a kansa idan tsufa ko ƙaddara ce ta zubar da su, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Amma abin da ake iya tsarewa, tsare shi yana cikin godiyar ni'ima.

Saboda haka ne sunnar asuwaki ta yi ƙarfi ƙwarai. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana shi wajabta asuwaki a kowace salla. Uwar Muminai Nana A'isha ta ba da labari cewa da shi yake farawa idan ya shigo gida. Huzaifa ya ce idan ya tashi da dare sai ya goge bakinsa da shi. Har a jinyarsa ta ƙarshe, da ya ga asuwaki a hannun Abdurrahman ɗan Abubakar, ya bi shi da kallo, Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa, ya yi amfani da shi. Abin da Fiyayyen halitta bai bari ba a ranakunsa na ƙarshe, bai kamata mu riƙe shi da wasa ba.

Yadda haƙori ke ruɓewa

Yanzu mu saurari bayanin likitoci. Suka ce farin da muke gani a jikin haƙori wani sulke ne da Allah ya lulluɓe shi da shi, kuma babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi bai kai shi ba. Wajen kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne tsantsa, daga sinadarai biyu da suke kira kalsiyam da fosfat. Babu jini a cikinsa, babu jijiya. Fata idan ta yanke tana haɗewa, ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, amma wannan sulke idan ya ɓule ba ya sake tsirowa.

A cikin bakin kowa akwai ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin wannan dauɗa mai santsi da ke liƙewa a gindin haƙora. Abincinsu sukari ne da abin da ya yi kama da shi. Da zarar ka kurɓi abu mai zaƙi, su ma sun ci, kuma cikin mintoci kaɗan sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan tsami shi ke narkar da ma'adinin sulken kaɗan-kaɗan. Abin da mutanenmu ke ce wa tsutsar haƙori ke nan. Babu wata tsutsa mai motsi a ciki, kuma wanda ya turara maka hayaƙi a baki, ya nuna maka wasu ƴan farare a cikin ruwa ya ce ya fitar maka da su, ya ci kuɗinka ne, kogon yana nan inda yake.

To, ga rahamar Ubangiji. Ya sanya wa haƙori magini a cikin baki, shi ne miyau. Miyau yana wanke tsamin, yana kashe kaifinsa, kuma yana ɗauke da kalsiyam da fosfat ɗin nan, yana mayar da su inda suka zube. Amma aikinsa yana son lokaci, daga rabin awa zuwa awa guda bayan kowane ci. Kullum haka ake yi a bakinka, ana rushewa ana ginawa, ba ka sani ba. Idan gini ya rinjayi rushewa, haƙori ya zauna lafiya. Idan rushewa ta rinjaya, sai a fara ganin alama.

Mu mutanen Damagaram ba ma buƙatar dogon bayani a nan, domin da ƙasa muka gaji gini. Dubi gidajen Birni. Ruwan damina yana bugun bango, yana wanke yaɓe kaɗan-kaɗan. Mai gida mai hankali, kafin wata damina ta zo, sai ya kira magina su sake yaɓe, bango ya koma kamar sabo. Wanda ya yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya ci yaɓen ya kai ga tubali, ranar nan yaɓe ba ya isa, sai an rushe an sake ɗorawa. Garun da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da shi, da kaurinsa da tsayinsa, da aka daina yaɓe shi me ya rage? Ɗan abin da kuke gani ne. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Farin tabon da baiwar Allah ta gani a haƙoran ɗanta, wanda ba ya ƙyalli, yana kama da alli, a mafi yawan lokaci shi ne yaɓen da ya fara wankewa. Likitoci suka ce a wannan mataki saman sulken bai ɓule ba tukuna, cikinsa ne ya yi sako-sako. Ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Amma wannan shi ne lokacin da gyara ke yiwuwa ba tare da allura ko injin likita ba. Idan aka bar shi, sai ya rine, ya fashe, ya zama kogo. Daga nan babu man da zai cike shi, sai likita ya share ya toshe, ko ya cire.

Aikin man goge baki

Maginanmu na da ba ƙasa zalla suke yaɓawa ba. Suna jiƙa makuba, ta ɓawon ɗorawa, su haɗa da yaɓen, domin ya yi ƙarfi ruwa ya riƙa zamewa a kansa. To, abin da makuba ke yi wa bango, shi wani sinadari ke yi wa haƙori. Masu Faransanci suna ce masa fulor, masu Ingilishi su ce fuloraid. Idan ɗan kaɗan nasa ya zauna a cikin miyau, yana gaggauta komawar ma'adini cikin gurbin da ya zube, kuma shi kansa yana shiga cikin sabon ginin, sai wurin da aka gyara ya fi na farko jure tsami. Yana kuma rage wa ƙwayoyin nan ƙarfin fitar da tsaminsu. Da haka farin tabo ke tsayawa, ya taurare, wani lokaci har ya dushe, idan aka dawwama a kai makonni da watanni.

Yadda aka gano wannan akwai abin lura a ciki. A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a garin Colorado Springs na ƙasar Amurka, ya tarar da haƙoran mutanen wurin duk sun yi tabo mai duhu, amma kuma ba su cika yin kogo ba. Aka yi ta bincike, sai a 1931 aka gane fulor ne ya yi yawa a ruwan shansu. Masana suka ce, a nemo gwargwadon da zai tsare haƙori ba tare da ya ɓata shi ba. A 1945 garin Grand Rapids ya fara sanya ɗan ƙanƙanin ma'auni a ruwan famfo, a shekarun 1950 kuma aka fara sayar da man goge baki mai ɗauke da shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ji ana ce wa OMS, ta shigar da irin wannan mai cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Rahotonta na 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 2 ne a duniya ke da ruɓewa a haƙoran girma.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, Malam, ba wannan fulor ɗin ne ya nakasa yaran Tibiri ba? Gaskiyarka, shi ne. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an tona rijiya mai zurfi a shekarun 1980, aka jawo ruwanta cikin gari, mutane suka shekara da shekaru suna sha. Yara da yawa suka tashi ƙafafunsu a lanƙwashe, waɗanda haƙoransu suka rine kuwa sun fi haka yawa. Da aka auna ruwan, aka tarar fulor ɗinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka, wato miligiram 1.5 a kowace lita, har sau uku ko fiye. Allah ya ba su lafiya, ya saka wa iyayensu da haƙurin da suka yi. Amma ku bambance. Waɗancan bayin Allah haɗiye shi suka yi kullum, safe da yamma, lokacin da ƙasusuwansu ke girma. Man goge baki kuwa shafawa ake yi a tofar. Gishiri ɗan kaɗan ke gyara miya, idan aka juye mudu guda tukunya ta lalace, kuma babu mai hankalin da zai haramta gishiri saboda haka. Allah ya sanya wa kowane abu gwargwado. Darasin Tibiri shi ne a tsare ma'auni, a hana yara haɗiye man. Inda kuma aka ga yaran gari guda duk haƙoransu sun yi dabbare-dabbare tun fitowarsu, wannan wani abu ne daban, a kai maganar ga ma'aikatan lafiya su auna ruwan rijiyar.

Me ya sa maganar ta fi ƙarfi a Ramadan

Mutum zai yi zaton wata ne na hutun haƙora, tunda ana wuni ba a ci. Da rana haka ne. Amma dubi darenmu. An sha ruwa da dabino, wannan sunna ce mai albarka. Sai kunu da sukari, sai zoɓo, sai lemun kwalba. An dawo daga asham, sai alkaki da nakiya, mu kuwa a alkaki ba a kai mu ba. Sai samari su zauna a fada, buta a kan gawayi, shayi na fari da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa, har tsakar dare. Sai sahur, a sha fura da sukari, a koma barci ba a wanke baki ba. Likitoci suka ce yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin kansa ɓarna, domin kowace kurɓa sabon ruwan sama ne a kan bangon da magini bai gama yaɓewa ba. Miyau kuma yana raguwa lokacin barci, yana raguwa da ƙishirwa. Wanda ya kwanta bayan sahur da zaƙi a haƙoransa, ya bar ɓarawo a ɗaki ya sallami mai gadi.

Ubangijinmu ya halatta ci da sha a cikin Suratul A'arafi, ya hana ɓarna a wuri guda. Ba mu ce zaƙi haramun ne ba. Mun ce a haɗa shi da abinci a ci a zama guda, a bi shi da ruwa, a bar baki ya huta.

Hukuncin mai azumi

Yanzu ga amsar tambaya ta farko. A mazhabarmu ta Imamu Malik, asuwaki ya halatta ga mai azumi wuni duka, safe da yamma. Haka Ibnu Abi Zaidin ya tabbatar a Risala, haka Shaihu Halilu a Muhtasar. Shafi'iyya sun karhanta shi bayan zawali, saboda hadisin da ya yabi canjin warin bakin mai azumi a wurin Allah. Malamanmu suka amsa cewa wannan wari daga wofintar ciki yake tasowa, asuwaki ba ya gusar da shi. Kada kuma wani ya fake da wannan hadisi ya bar ragowar abinci tana ruɓewa a haƙoransa, ya zo sahu yana cutar da na kusa da shi. An hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda cutarwa, kuma illar guda ce.

Sai dai malamanmu sun karhanta ɗanyen icce mai ruwa da rana, domin tsoron wani abu ya narke ya wuce maƙogwaro. Har Shaihu Halilu ya ambaci asuwaki da jauza, wani ɓawon itace mai rina baki, ya tsananta hukuncin wanda ya yi amfani da shi da rana da gangan har ya haɗiye. Man goge baki ya fi kama da wannan, yana da ɗanɗano, yana da kumfa, yana narkewa cikin miyau. Saboda haka hukuncinsa kashi uku ne. Wanda ya goge da rana, ya tofar, ya kurkure, babu abin da ya kai maƙogwaronsa, azuminsa yana nan, amma ya aikata makaruhi, ya yi kiwo a gefen gonar mutane. Wanda wani abu ya rinjaye shi ya wuce ba da nufinsa ba, a azumin farilla sai ya kame bakinsa sauran wunin, ya rama kwana guda. Wanda ya haɗiye da gangan, akwai ramuwa da kaffara a kansa.

To, abin farin ciki, babu wata larura da za ta kai ka ga wannan shinge. Likitoci sau biyu suka nema a kwana, ɗaya kafin barci, ɗaya da safe. A Ramadan duka biyun suna faɗawa cikin dare: na farko idan ka gama ciye-ciyenka za ka kwanta, na biyu bayan sahur kafin ketowar alfijir. Da rana kuma busasshen asuwaki yana aljihunka, a kowace alwala da kowace salla. Ka ga malami da likita sun haɗu a kan tabarma guda, ba wanda ya ture wani.

Tambaya ta biyu, ta lada. Manufar asuwaki tsabtace baki ce, shi ya sa Risala ta yarda da goge haƙora da yatsa a wurin alwala. Malamai da yawa na zamaninmu suka ce burushi yana biyan asalin sunna idan an yi niyya, ko da yake itacen arak shi ne mafifici, domin shi Annabi ya riƙe. Inda babu arak, iyayenmu sun yi da dogon yaro da marke da aduwa. Asuwaki yana kankare dauɗar nan da kyau idan an iya, an bi ciki da waje har zuwa matauna, ba a tsaya ga haƙora huɗu na gaba ba. Man goge baki kuma yana kawo makubar da ke ƙarfafa yaɓe. Kowane da aikinsa, ka haɗa su. Masu raɗe-raɗin cewa gashin burushi na alade ne, su sani burushin da ke kasuwanninmu yau na roba ne, kuma asalin abubuwa tsarki ne har sai an tabbatar da najasa.

Yadda za a yi

Idan za ka saya, a kantin magani ko a Kasuwar Dole, ka sa wanda ya iya boko ya duba maka jikin kwalin. A ga sunan fulor, a ga lamba tsakanin 1000 da 1500 tare da haruffa uku, ppm. Mafi yawa za ka ga 1450. A duba kuma ranar ƙarewar aikinsa. Mai kumfa da ƙamshi wanda babu wannan sinadari a cikinsa yana wanke baki, amma ba ya gyara sulke. Burushi ya zama mai laushi, kowa da nasa, a canza shi idan gashinsa ya baje. Ka goge minti biyu a hankali, musamman inda haƙori ya haɗu da dasashi. Na kafin barci, idan ka gama ka tofar da kumfar kawai, kada ka bi da ruwa mai yawa, domin ragowar nan ita ke kwana tana aiki. Na bayan sahur kuwa, ka yi shi da sauran lokaci, sannan kafin kiran salla ka kurkure sosai har ɗanɗano ya gushe, domin kada ka shiga azumi da shakka. Idan ka sha abu mai tsami, kamar tsamiya ko zoɓo ko lemun tsami, ka kurkure da ruwa ka ɗan dakata wajen rabin awa kafin ka goge, domin a lokacin sulken ya yi laushi. Ku guji dirza haƙora da gawayi ko toka ko yashi ko lemun tsami don neman fari. Wannan kankare yaɓe ne da fartanya.

Ya ku iyaye mata, maganar yara a hannunku take. Daga fitowar haƙorin farko ake farawa. Wanda bai kai shekara uku ba, a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake ƙarama. Babba ya tsaya a kansa, ya koya masa tofarwa, a ajiye man inda hannunsa ba ya kaiwa. Kada a ce ai haƙoran nono ne, za su zube. Suna ciwo kamar na manya, suna hana yaro ci da barci da karatu, kuma su ke riƙe wa na girma gurbi. Wajen shekara shida akwai matauni na dindindin da ke fitowa can ƙurya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono har ya ruɓe. Alewar da ake ba yaro don ya yi shiru, a rage ta. Madara da nono da cuku da gyaɗa sun fi masa. Tun ran gini ran zane.

Idan kogo ya riga ya buɗe, ko ciwo yana hana barci, ko kunci ya kumbura, a tafi wurin likitan haƙori, a babban asibitin Zinder ko a asibitin da ya fi kusa. Kanumfari yana lafar da zafi na ɗan lokaci, ba ya warkarwa. Kada a zuba ruwan batir ko fetur a kogo, wannan jefa kai ne ga halaka. Wanda ciwo ya matsa masa da rana ya halatta a cire masa haƙori yana azumi, ya kiyaye haɗiye jini da ruwa. Idan ana iya jinkirtawa zuwa dare, ya fi. Kuma ina jan kunnenku a kan ƙaramin yaro mai rama wanda dasashinsa ke jini, bakinsa ke wari ƙwarai, kuncinsa ya fara kumbura. Wannan kada a kwana da shi a gida, domin yana iya zama ciwon noma mai cin fuska cikin ƴan kwanaki. A nan Zinder ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da masu wannan ciwo tun shekarun 1990, kuma idan an kai yaro da wuri magani yana tsayar da shi da izinin Allah.

Wanda ba shi da halin sayen mai, kada ya ji an bar shi baya. Ya riƙe asuwakinsa da kyau, ya rage yawan kurɓar zaƙi, ya kurkure baki bayan kowane ci. Masu hali kuma, idan kuna haɗa kayan salla na ƴaƴanku da na marayu da almajiran da ke ƙofar gidajenku, ku sanya burushi da man goge baki a ciki. Kuɗinsu kaɗan ne, amfaninsu yana bin yaro har furfura.

Ya ku bayin Allah, jikin nan aro ne, za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Bakin da ke karanta Fatiha sau goma sha bakwai a kwana ya cancanci a tsabtace shi. Wanda ya ga farin tabo a haƙorinsa ko na ɗansa, ya fara gyara a daren nan, tun ƙofar gyara tana buɗe, kamar yadda mai zunubi ke gaggauta tuba a wannan wata tun numfashi bai kai maƙoshi ba.

Ya Allah ka tsarkake bakunanmu daga ƙarya da giba da annamimanci, ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin ka raya mu. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan magabatanmu, ka zaunar da Damagaram da ƙasarmu Nijar lafiya, ka ba mu damina mai albarka. Ka sanya mu cikin ƴantattun wannan wata. Allah ne mafi sani. Sai gobe idan Mai duka ya kai mu, inda za mu ɗauki hukuncin allura da ɗigon ido da na kunne ga mai azumi.